Ruwan Gidan Abarshi

"Keke?!"

Muryar Alhaji Abarshi ta cika tsakar gida, har kajin da ke bakin rariya suka watse.

"Ni Abarshi, da motoci biyu ƙohwar gida, in ba da ɗiyata ga mai keke? Zulai, ɗaga kanki ki dube ni!"

Zulaihatu ba ta ɗaga ba. Tana durƙushe a gefen tabarma, hawaye na sauka kan hannunta ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, mushen lakwal na, malamin makarantar boko... Shina da albashi nai."

"To in shina da albashi, mi ya hana shi sayen ko moto mai ƙahwa biyu? Yau Konni ko mai tallar ƙanƙara moto gare shi!"

"Ba rashi ba na, Baba..."

"To mi na?"

Ta share hawayenta.

"Ba shi son hayaƙi."

Alhaji ya dubi matarsa Hajiya A'i, ya dubi 'yarsa, sai kuma ya fashe da wata irin dariya wadda gara ma zagi da ita.

"A'i, kin jiya? Ba shi son hayaƙi! To ki hwaɗa mashi hayaƙin nan shi yac ciyar da ke hak kika girma yag gane ki. Tashi ki ba ni wuri!"

Gaskiyar Alhaji ce, ko da ba ta da daɗi. Duk Birnin Konni an san shi da sana'ar ruwa-ruwa, wato man fetur ɗin da ake tsallakowa da shi daga Najeriya a sayar a kwalabe bakin hanya. A gidansa kuwa tun tuni an yanke kalmar, an bar rabinta. In ka ji an ce "ruwa ya iso" ko "a zuba wa mota ruwa," to mai ake nufi. Wanda ake sha sai dai a ce "na sha." Haka Zulaihatu ta tashi ta taras, har ba ta jin wani abin mamaki a ciki.

Shi kuwa mai keken, Abdurrahaman, ɗan Badaguishiri ne, an turo shi koyarwa Konni a shekarar 2005. Dogo ne siriri, mai yawan shiru, da keke baƙi wanda yake gogewa kullum kamar zai kai shi kasuwa. Ranakun da babu lakwal yana bin gidaje yana gina wa mata murhun laka mai tattalin itace, ba ya karɓar ko dala. Da haka ya shigo gidan Alhaji, ya gina wa Hajiya A'i nata. Zulaihatu ce ta riƙa miƙo masa laka. Da aka gwada murhun aka sauke tukunya, ta ga ya yayyafa wa ragowar itacen ruwa, ya jawo su gefe.

"Rowa ta, Mushe?" ta ce masa tana danne dariya.

"Gobe ma a ci tuwo," ya ce.

Murhun da ake ginawa a yini ɗaya, sai da Mushe ya zo duba lafiyarsa sau bakwai. Hajiya A'i dai ba yarinya ba ce, ta gane, ta kuma yi shiru.

Washegarin faɗan, bayan la'asar, ya zo ƙofar gida ya jingine kekensa a jikin bango. Kallo ɗaya ya yi wa idanun Zulaihatu ya san an yi ba daɗi.

"Zulai, wa yas sa ki kuka?"

"Kai."

"Ni?"

"Kai da kekenka! Don Allah Mushe, mi za ya rage ka in ka sayi moto? Ka saya ka aje, ko ba ka hawa ba. Baba shi gani kawai..."

Ya girgiza kai.

"Sanyin idona, ba ni iya shiga gidanku da ƙarya. In na saya, hawa za ni yi. In na hau, ruwanku za ni sha kullum."

"To sai mi? Duk gari haka aka yi!"

"Gonar babana tana bakin fadama Badaguishiri. Ina yaro anka sare itatuwan tudu, ruwa yaz zo yat tahi da ita, yau rairayi na wurin. Innata shekara talatin tana hura wuta cikin hayaƙi, yanzu ba ta kai salla guda ba tari ba. Kuma na ji masana suna hwaɗi rediyo, hayaƙin motoci da na itace shi ka ƙara ma duniya zahi, damina tana ja da baya. Ba ni iya hana duniya, Zulai. Amma nawa hayaƙin, wanda ni ka tadawa da hannuna, shi kam ina iya rage shi."

"Kai ɗaya? Da keke guda?"

"Ni ɗaya."

"To ni hwa? Ni ban kai hayaƙi ba wurinka?"

Ya ɗago da sauri, idonsa ya kaɗa.

"Kada ki sake hwaɗin haka. Wallahi ke ta raina..."

Ta juya ta shige gida ba sallama. Tana son sa, tana kuma jin haushinsa, don babu abin da ya fi ciwo kamar son mai gaskiya mai taurin kai.

Ana cikin haka sai ga ƙarin gishiri a miki. Wata Talata 'yan duwan, wato kwastan, suka tare motar Alhaji a wata ɓarauniyar hanya da ba kowa ya sani ba, suka kwashe bido arba'in, jarkoki cike da mai. Alhaji ya dawo gida ko abinci bai ci ba. Wanda ya fara zuwa jaje kuwa Ɗan'azumi ne, ɗan abokinsa, mai kabu-kabu huɗu a tasha. Shekara biyu yana aiko wa Zulaihatu turare da atamfa tana mayar masa. Ya zauna a zaure ya yi kalar tausayi, ita kuma tana jin su ta bayan ƙyaure.

"Baba, ni ban cika son magana ba... Amma wa ag ga garin ga wanda ba shi ƙaunar sana'arku? Wa ka shiga gidanku yana hita? Jiya da ijiyata nig ga baƙin keke jingine ƙohwar buron duwan, can ofishinsu."

Ƙarya yake yi, ko keken wani ne, Allah masani. Amma zuciyar da ta yi asara ba ta tsayawa bincike. A ranar Alhaji ya rantse in ya sake ganin keken nan a ƙofarsa sai ya sa mota ta taka shi. Daga ranar kuma ya daina yawo da jajayen bidon da kowa ya sani. Ko man da motarsa za ta sha, a shuɗin bido na ruwan sha yake zuba shi, don kada a tare shi a hanya.

Wata biyu Zulaihatu ba ta sa Abdurrahaman a ido ba. Ta rame, ta daina kitso, ɗinkin da take yi ma ta bari, ta ture keken ɗinkin gefe. Hajiya A'i ta gaji da kallonta.

"Ke, haka za ki kashe kanki ki bar min abin hwaɗi? Ran Lahadi ki sa a gaya mashi shi same mu garka. Ubanki in ya ci ya ƙoshi ƙarƙashin mangwaro, ko ɓarawo yana saurare."

"Inna... in yat taka mashi keke hwa?"

"Shi taka ni tukuna."

Al'adar gidan ce, kowace Lahadi Alhaji ya loda iyalinsa a tsohuwar Fijo su tafi garkarsa, wato lambunsa na Tsarnawa. A can ne kawai yake zama mutum kamar kowa. Ya tuɓe babbar riga, ya kishingiɗa a tabarma, ya kunna rediyo, 'yan matan gidan su bazu tsinkar mangwaro, Hajiya ta ɗora dafa-duka da zabi. Zulaihatu ta fi son ranar nan fiye da Salla, amma wannan Lahadin ko loma ba ta iya haɗiyewa ba, idonta na kan hanya.

Rana ta take tsaka sai ga shi, ya jiƙe sharkaf da zufa, ga mura ta toshe masa hanci yana ta fyacewa a hankici. A bayan keken ya ɗauro ƙaramin murhun laka, tsarabar Hajiya. Ya durƙusa nesa da tabarma.

"Baba, ina wuni."

Alhaji ya kau da kai.

"Alhaji, baƙona na," in ji Hajiya A'i. "Ni nik kira shi. In kora ta, ni za ka kora."

Aka ci abinci. Abdurrahaman ya hura ɗan murhunsa da ƙirare biyar, ya dafa shayi, ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu. Alhaji ya daɗe yana kallon kofin kafin ya karɓa. Ya kurɓa, ya sake kurɓa.

"Kai kas sai da ni ga duwan?"

"Wallahi Baba ban taɓa taka buronsu ba."

"Amma ba ka son sana'ata."

"Ba ni son hayaƙinta, Baba. Ku kam ina ganin girmanku."

Alhaji ya ajiye kofin.

"To ji nan. Ni ba ni da dogon zance. Kahin mu tashi, ka ɗauki ruwa da hannunka ka zuba ma motar ga, gaban iyalina. In ka yi, na san ba ka ƙyamar abincin gidana, ka turo manyanka. In ba ka yi ba, ka hau kekenka, kada in sake ganin ka."

Zulaihatu ta kafe Abdurrahaman da ido. Duk roƙon duniya yana fuskarta.

Abdurrahaman ya sunkuyar da kai. Bai ce to ba, bai ce a'a ba.

Aka yi la'asar. Inuwa ta miƙe, aka fara naɗe tabarmi. Zulaihatu na bayan mota tana jera kwanoni a kwando, tana ƙirga abin da ya rage na lokaci. Sai ta ji takunsa a bayanta.

"Zulai, ina ruwa?"

Wani sanyi ya ratsa ta tun daga kai har ƙafa.

Ya yarda!

Saboda ita, ya yarda!

Ta nuna masa shuɗin bidon da ke cikin but ɗin motar, ɗan ƙarami mai lita biyar. Ya ɗauka, ya yi mata murmushi, ya juya.

Ita kuma ta kwasa da gudu wajen uwarta da ke wanke hannu a bakin rijiya.

"Inna! Inna, ya yarda! Ya ɗauki ru..."

Ba ta ƙarasa ba.

Wani irin "bum" ta ji, ba mai ƙara sosai ba, sannan ihun ƙannenta.

Da ta waiwaya, ba wajen mota yake ba. Yana tsaye gaban ɗan murhunsa, inda ya je kashe ragowar garwashi kamar yadda ya saba, wuta ta kama shi daga gwiwa har wuya.

"Mushe!!!"

Alhaji ne ya riga kowa. Ya fizgi babbar rigarsa ya rufa masa, ya kayar da shi ƙasa yana birgima da shi cikin rairayi, yana salati da ƙarfi. Kafin wutar ta mutu, tafukan Alhaji duka biyu sun sale.

A asibiti aka naɗe Abdurrahaman da farin ƙyalle, fuskarsa kaɗai ta tsira. Kwana na biyu jandarma biyu suka zo da takarda. Alhaji na tsaye a bakin ƙofa da hannuwa a naɗe, Zulaihatu na rakuɓe a bayan uwarta.

"Man na wane ne? Wa ya ba ka shi?"

Abdurrahaman ya buɗe baki da ƙyar.

"Ni nid ɗauka da hannuna. Ba wanda yab ba ni... Ganganci na na."

"Mun ce na wane ne?"

"Ban tambaya ba."

Suka juya tambayar ta kowace fuska, bai ƙara ko kalma ba. Da suka fita, Alhaji ya zame jikin bango ya zauna a ƙasa. Zulaihatu ba ta taɓa ganin ubanta yana kuka ba sai ranar.

"A'i... mutumin da wutata tac ci, anka tambaye shi bai kama sunana ba, shi za ya sai da ni ga duwan? Allah ya isa tsakanina da Ɗan'azumi! Allah ya isa tsakanina da kaina!"

Ya rarrafa har bakin gadon.

"Ɗana, ka ji ni? Na ba ka. Ba mota, ba moto, ba komi. Juma'ar ga in Allah ya kai mu a ɗaura, ko kana kwance. Na aika Badaguishiri."

Abdurrahaman ya lumshe ido, hawaye ya gangaro ta gefen kunnensa.

Ranar Laraba da hantsi Hajiya A'i ta fita alwala da gangan, ta bar su su biyu. Zazzaɓi ya riga ya kama shi, leɓɓansa sun bushe. Zulaihatu ta durƙusa, ta rasa inda za ta taɓa a jikinsa, sai ta riƙe ƙarfen gadon.

"Don mi ba ka hwaɗa masu ni ta ba? Ni nin nuna maka! Ni!"

"Ke kin nuna min abin da kunka sani da ruwa. Ni kuma na tambayi wanda nis sani. Ba mai laihi, Zulai."

"Na zaci ka yarda na... Na zaci mota za ka zuba ma..."

"Na gane. Tun ina kwance ƙasa nig gane."

Ya yi numfashi da ƙyar.

"In tambaye ki?"

"Tambaye ni, rabin raina."

"Da kinka zaci na yarda... kin yi murna?"

Ta so ta yi masa ƙarya. Wallahi ta so. Amma ba a yi wa irin wannan mutum ƙarya, balle a irin wannan gado.

"Na yi," ta ce, kuka ya ƙwace mata. "Ban taɓa murna irin ta ba."

Ya yi ɗan murmushi.

"Na ga huskarki. Na ce a raina, mi yas sa yarinyar ga farin ciki haka don na tambayi ruwa? Da na san haka huskarki ka zama... wataƙila da na zuba ma motar."

"Kada ka ce haka! Ba ni so! Ka tashi ka hau kekenka, ni bi ka da ƙahwa har Badaguishiri!"

"To," ya ce. "Sai Juma'a."

Alhaji ya sayi goro ƙwarya uku da dabino. Ya sa aka share ƙofar gida, aka kafa rumfa. Mutanen Badaguishiri suka iso ranar Alhamis da azahar, tsohuwar uwar Abdurrahaman a gaban mota tana tari, riƙe da ƙullin kayan da ta tara wa amarya.

Ba su tarar da shi ba. Ya cika tun da hantsi.

Rumfar da aka kafa ba a cire ta ba, a cikinta aka zauna karɓar gaisuwa. Goron ma shi aka raba wa masu ta'aziyya, kowa ya karɓa ya sa aljihu, ba wanda ya iya ɓarawa a wurin. Ɗan'azumi ya zo zai zauna, Alhaji ya nuna masa hanya da naɗaɗɗen hannunsa.

Bayan addu'ar uku, Zulaihatu ta kwance 'yan kunnenta da warwaronta ta zuba a tasa. Ta wanke lallen da ƙannenta suka fara sa mata, ta ɗauko wani tsohon zane mai duhu ta ɗaura, ta shiga ƙuryar ɗaki ta zauna. Hajiya A'i ta leƙo ta gan ta.

"Zulai, mi kike yi haka?"

"Takaba za ni shiga, Inna. Wata huɗu da kwana goma."

Hajiya ta tsaya riƙe da labule. Sannan ta zo ta zauna kusa da ita, ta jawo kanta ta ɗora a cinya.

"Ɗiyata... ba a takaba sai ga miji."

"Baba ya ba shi ni! Kin ji da kunnenki!"

"Ya ba shi. Amma ba a ɗaura ba."

"Kwana guda na, Inna! Kwana guda tak yar rage!"

"Na sani."

"To ni mi ni gare shi? In ba matatai ba, mi za a ce da ni?"

Hajiya A'i ta ci gaba da shafa mata kai, tana kallon bango.

A tsakar gida tsohuwar Badaguishiri tana sallama da mata, za su koma. Ta tsaya a ƙofar ɗakin da ƙullinta a hannu, ta daɗe tana duban yarinyar da ba ta taɓa gani ba sai a wannan mako. Ta ajiye ƙullin a bakin ƙofa, a hankali.

"Na amarya na," ta ce. "Ba ni da wata."